Inna Mai Takalmi da Ƙafar Baba Tela

Har zuwa 'yan watannin nan, kafin rana ta yi zafi za ka ji ƙarar bokitinta daga bakin famfo. Inna Mai Takalmi ce ta fito. Baƙo in ya ji sunan sai ya zaci sayarwa take yi, har an taɓa samun wanda ya zo yana tambayar ko tana da na yara. Ko silifa ba ta taɓa sayarwa ba. Aikinta shi ne ta bi layin ɗakunan da ke bayan tsohon asibitin mishan, inda tsofaffin da kuturta ta cinye wa yatsu suke zaune, ta tsuguna a kowace ƙofa, ta ɗauki takalmin da aka ajiye mata, ta zura hannu a ciki.

Wanda bai zauna da mutanen nan ba zai ce wane irin aiki ne wannan. Ciwon dai an kashe shi a jikinsu tuntuni, ba wanda zai ɗauka daga gare su. Amma ya tafi da jin da ke hannuwansu da ƙafafunsu, bai kuwa dawo da shi ba. Mutum zai taka ƙusa ya wuni da ita yana gaisawa da jama'a yana dariya. 'Yar tsakuwa ta faɗa takalmi, ta huda tafin ƙafa, hujin ya zama gyambo, gyambon ya ci har ƙashi, daga nan sai zancen yankewa. Su ba su da yatsun lalube, idon yawancinsu kuma ya yi rauni. Shi ya sa kowa ke ajiye takalminsa a bakin ƙofa da safe yana jiran Inna.

Daga dunduniya take farawa, ta bi gefe, ta kai har inda yatsu ke zama, sannan ta danna ƙasan takalmin da ɗaya hannun ko wani abu mai tsini zai leƙo. In ta gama sai ta ce a miƙo ƙafa. Ruwan ɗumin da za ta jiƙa ta, da gwiwar hannunta take gwada zafinsa, don mai ƙafar ko tafasasshe ne ba zai ce uffan ba. Ta goge kaushi, ta shafa mai a faso, ta yi 'yar addu'a. Addu'arta gajeriya ce, faɗanta ne mai tsawo. Masu zuwa coci da masu zuwa masallaci duk suna layin, kuma duk faɗa iri ɗaya suke sha.

Ni ɗan layin nan ne. Mahaifina a ɗakin ƙarshe ya zauna, kusa da bishiyar da ake shanya bandeji, kuma da ƙafafunsa biyu muka binne shi. Yau ina zaune a wani gari mai nisa, ina rubuta tarihin 'yan mishan da bayin Allah a mujallar cocinmu. Na rubuta na likitan da ya gina asibitin. Na rubuta na mai wa'azin da zazzaɓi ya kashe yana ɗan saurayi. Mutanen kirki ne, ban rage musu komai ba. Sai dai duk wanda aka ba ni in rubuta, sai ya riga ya mutu an rataye hotonsa a bango. Na gaji da yabon waɗanda ba za su ji ba. Inna kuwa tana da rai, 'yarta za ta karanta mata, kuma na san za ta ce na cika surutu.

Tana da ƙuruciya ta zo asibitin neman aikin wankin bandeji, aikin da ba a rububinsa. Akwai wata nas a cikin 'yan mishan, doguwa ce ƙwarai, har ba wanda ya damu da sunanta, Sista Doguwa kawai ake cewa. Ita ce wata rana ta kama hannun Inna ta cusa shi a takalmin wani mara lafiya. Inna ta yi ƙara ta fizge, ƙusa ta tsaga mata yatsa. Sista ta nuna mata mai takalmin yana zaune yana hira abinsa, ta ce mata kwanansa nawa da wannan ƙusar bai sani ba. Inna ta ce tun daga ranar ba ta ƙara wuce takalmi a layin nan ba tare da ta sunkuya ba.

Sista Doguwa ta tsufa ta koma ƙasarsu. Likitoci suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Babban ɗakin jinya ya zama wurin kwanan awaki, kwanon rufinsa iska ta yi gaba da rabi. Waɗanda suke da dangin da za su karɓe su suka koma gida, aka bar waɗanda ba mai nemansu. Inna ba ta cikin masu ciwon, tana da gidanta, tana da inda za ta je. Matar tsohon faston wurin ta gaya mini da idonta ta ga 'yan uwan Inna sun ware mata kofin shan ruwa a gidan ubanta, suka ɗaura masa zare don kada a yi kuskure. Ta sha ruwanta, ta gode, washegari aka ji bokitinta a bakin famfo.

Ke ce, Inna, wadda ta yi fiye da shekara arba'in a tsugune. Ke ce kika riƙe ƙafar mahaifina a cinyarki lokacin da ƙannensa ke gaishe shi daga bakin hanya. Ba ki taɓa hawa bagade kin yi wa'azi ba, ba ki ma iya jan waƙa ba, kowa ya sani. An ce Ubangijinki ya wanke ƙafafun mutanensa, kika ji sau ɗaya, kika ɗauka da gaske.

Cikin mutanen layin ba wanda ya fi shan faɗanta kamar Baba Tela. Ɗinki ne sana'arsa kafin ciwon ya raba shi da allura, amma har yau in ya ga riga sai ya ce wuyan ya karkace. Da ƙafa ɗaya ya zo, ta hagu an riga an yanke an sa masa ta roba. Ta daman ce ke kai shi kasuwa jin labari, ita ke kai shi coci, ita ke hana shi zama kaya a kan tabarma. Ran da Inna ta fara duba ta, ta ɗaga kai ta ce masa, "Malam, daga yau wannan ƙafar tawa ce. Aro na ba ka."

Ya ce, "To, mai kaya. Sai ki riƙa zuwa duba kayanki."

Haka suka yi ta yi har suka yi furfura tare. Maƙwabciyarsa ta ba ni labarin ranar da Inna ta zaro ƙaramar ƙaya daga takalminsa, ta ɗaga ta sama kowa ya gani.

Ta ce, "Ina ka je da ƙafata jiya?"

"Nan da nan ne, bakin hanya."

"Bakin hanya ne ke da ƙaya? Kai dai ba ka da amana."

Ya ce, "Ki yi haƙuri, uwar ɗakina. In kin ga dama ki cire ta ki tafi da ita gida, ki kawo mini ran Lahadi."

Sau biyu gyambo ya buɗe a ƙafar nan, sau biyu ta hana shi takawa, ta yi ta ɗauri tana kwancewa har ya rufe. Karo na biyu ma ƙwace takalmin ta yi ta ɓoye a gidanta, ya yi ta aika mata saƙon cewa zai kai ƙararta wurin fasto.

Sai ido ya fara barin Inna. Da farko ta ce hazo ne kawai. Likitan ido ya duba ya ce jijiyar ce ke mutuwa, ba abin da za a kankare. Ta ci gaba da aiki da lalube, don takalmi dama hannu yake so. Amma ƙafa tana son ido, a ga inda ya yi ja, a ga inda ya yi ruwa. Ta yi ta roƙo a coci a ba ta mutum ɗaya ta koya masa. Fasto ya yi sanarwa har ya gaji. Wasu sun zo, suka yi kwana biyu, sai aka ji wannan ya samu aiki, waccan mijinta ya hana. Da ta faɗa kwata da bokitinta ta gurɗe, 'yarta ta zo ta ce ya isa haka.

An yi mata taron ban kwana mai kyau, ba zan ƙi faɗa ba. An yi waƙa, an yi kuka, an kira ta uwar marasa uwa. Ta miƙe ta ce ita dai a riƙa sa hannu a takalmi, ta zauna. Motar 'yarta ta tafi da ita.

Matan zumunta suka zauna suka ce ya kamata a yi wani abu don tunawa da ita. Me ya fi dacewa da Inna Mai Takalmi? Suka haɗa kai suka sayo wa kowane tsoho a layin sabon takalmi. Na Baba Tela baƙi ne, rufaffe, mai sheƙi. Shugabarsu da kanta ta durƙusa ta sa masa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, da yawa ba za su taɓa ba. Ta ɗaure masa igiya ta ce, "Baba, ya yi daidai? Ba ya matsa ka?"

Ya taka, ya juya, ya ce, "Ko kaɗan, 'yata. Ban ji komai ba."

Gaskiya ya faɗa. Ita ma tambayar da kowa ke yi wa mai sabon takalmi ta yi. Da Inna na nan, da ta murje fatar takalmin da mai, ta bar shi ya sa na ɗan lokaci, ta cire ta duba, gobe a ƙara kaɗan. Shi ma ya san haka, amma mutumin da ya yi shekaru ba a ba shi sabon abu ba, ga shi tela mai son kwalliya, wa zai riƙe shi? Igiyar kuma ba ya iya kwancewa da dungulmin hannu, kunya ta hana shi kiran wani. Ya yi kwanaki yana zagaya gari da shi. Akwai wani ɗinki mai kauri a ciki, daidai kan ɗan yatsan da ya rage masa. Wari ne ya fara sanar da maƙwabciyarsa.

Da labari ya iso ni na je, na same shi a asibitin gari. An riga an yanke, ƙasa da gwiwa. Na yi ta neman wanda zan yi wa faɗa ban samu ba. Shugabar mata tana bakin gadon, idonta ya kumbura, ita ke kawo masa abinci kullum. Baba Tela ya kalli bargon inda ya kwanta shafal, ya ce, "Ɗana, za ka ga Inna?"

Na ce zan je.

"Ka ce ta yafe mini. Kayan da ta ba ni aro ban iya riƙewa ba."

Na same ta a gidan 'yarta, zaune a bakin ƙofar falo. Ina cire takalmina ta lalubo shi ta zura hannu, tun kafin mu gama gaisawa. Ta tambayi mutanen layi ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ƙafata fa?"

Na gaya mata duka. Har lokacin hannunta na cikin takalmina.

Ta ce, "Tambayarsa suka yi?"

Na ce tambayarsa suka yi.

"Kada ka zage su a takardarka. Da zuciya ɗaya suka yi." Ta ajiye takalmin a hankali, ta daidaita shi da ɗan uwansa. "Shekara da shekaru ina riƙe da ita. Ko wata uku ba a yi ba."

Ban zage su ba, Inna, kin ji. Amma raina a ɓace yake, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ina ganin haske a gaba ba. Na gode miki saboda mahaifina. Na gode saboda shekarun da Baba Tela ya yi yana tafiya da ƙafarsa yana kushe wuyan rigunan mutane, ke kika ba shi su, wannan kam ba likitan da zai yanke. Allah ya saka miki, ya sanyaya miki zuciya, don mu mun kasa.

Ku kuma masu karatu, na san yadda muke. Za mu ce Allah sarki, mu ce a sa hotonta a bango kusa da na likita. Hoto ba ya tsugunawa. Ba a neman mai ilimi, ba a neman mai kuɗi, mutum ɗaya ake nema mai yatsu da ido, wanda zai zo da safe ya kuma dawo washegari. Inna ta ce duk wanda ya shirya ya je ya same ta, ko daga zaune za ta koya masa. Har yanzu da nake rubutun nan ba wanda ya je.

Kafin in baro garin na bi ta layin da safe. Akwai sauran tsofaffi a ɗakunan, kuma ba wanda ya ce musu su daina. A kowace ƙofa ga takalmi an ajiye, an jera shi, bakinsa na kallon hanyar famfo. Ƙofar Baba Tela ce kawai babu komai.