Ranar da Mbah Ngadiran Ya Yaye Rufin Gidansa

Shekara goma sha tara ina magatakardan ƙauyenmu, a gaɓar arewacin tsibirin Jawa, ƙasar Indunisiya. Haihuwa, mutuwa, aure, iyakar gona, duk ta hannuna suke bi. Ban taɓa rubuta abin da ya tsaya min a rai ba sai na ranar Laraba, sha huɗu ga Maris, da Mbah Ngadiran ya hau kan gidansa.

Mbah Ngadiran mai rufi ne (Mbah shi ne yadda muke kiran tsoho ko tsohuwa a nan). Tun yana ɗan shekara sha biyar yake jera kaskon yumɓu a kan gidajen mutane, har rufin masallacinmu aikinsa ne. Bai taɓa mallakar ko babur ba. Keke gare shi, da tsanin gora, da matarsa Mbah Sarinten, wadda ciwon suga ya cinye wa ido shekara tara da suka wuce. Makantar ba ta zaunar da ita ba. Gidan katakon da suka yi shekara arba'in da shida a ciki, ta san shi kamar yunwar cikinta. Ita take dafa shinkafa, ta soya busasshen kifi, ta yi shara, tana yi tana mita. Daga titi ake jin muryarta tana cewa, "Kai tsoho, wa ya ce ka ajiye min takalminka a hanya? So kake ka yi sabon aure?"

Sai tsattsewa suka shigo ɗakin baya. Irin waɗanda ke gina sheƙa da yawun bakinsu, fara tas, wadda 'yan kasuwa ke saya su kai ƙasar Sin a yi miya da ita. Kilo ɗaya ya fi abin da mai rufi ke samu a rabin shekara. Akwai masu kuɗin da suka gina bene hawa uku don tsuntsayen nan, suka kunna lasifika tana kukansu shekara da shekaru, ko ɗaya bai leƙa ba. Mbah Ngadiran kuwa a banza suka zo masa, suka yi ta ƙaruwa.

Abin da ake yi a nan sananne ne: in sun zaɓi gidanka, sai ka bar musu. Ba sa son haske, ba sa son hayaƙi, ba sa son hayaniya. Babban ɗan tsofaffin, Darmaji, ya toshe tagogi da katako, ya jera bahon ruwa a ciki don danshi, ya sa kwaɗo, ya kwashe iyayensa zuwa gidansa na siminti.

Dole in faɗi gaskiya a kan Darmaji, don ba mugun ɗa ba ne. Da kuɗin sheƙar ya kai uwarsa babban asibiti a birni, ya saya mata maganin da a da sai dai su ji sunansa. 'Ya'yan ƙannensa suka koma makaranta. Ya sayi mota, ya saya wa ubansa agogo. Amma a wata na farko Mbah Sarinten ta zame a banɗaki mai santsi, ta fasa goshi. Daga nan aka hana ta tashi ita kaɗai. Aka zaunar da ita a kujera mai laushi gaban talabijin, surukarta na kawo mata abinci har baki. Shekara biyu da wata huɗu tana kan kujerar nan. Na je gidan sau uku da takardu, ban ji ta ce komai ba sai "na gode".

Ƙarshen watan Janairu Mbah Ngadiran ya jingine kekensa a ƙofar ofishina.

"Magatakarda, duba min, tsohon gidan nan sunan wa ke kai?"

Na ɗauko littafin filaye na buɗe. "Sunan Mbah Sarinten ne. Gadon mahaifinta."

"Madalla," ya ce, ya tafi. Ban kawo komai a raina ba. Daga baya na lissafa, kwana arba'in da biyar ya jira, daidai lokacin da 'ya'yan tsattsewa ke ɗauka kafin su tashi daga sheƙa.

Ranar Larabar, da hantsi, na ji ihu. Na fito na tarar da mutane sun cika titi, kowa ya ɗaga kai. Ga tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu a kan rufi, ya janye tsaninsa sama, yana cire kasko ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a gefe, a natse, kamar aikin da aka biya shi. Rana ta faɗa cikin ɗakin baya. Tsuntsaye suka yi ta ɓullowa baƙi ƙirin, suna kewaya gidan suna kuka. Wata mata ta ɗora hannu a ka. Liman ya tsaya baki buɗe, carbi na lilo a hannunsa.

Darmaji ya iso a guje, ko takalmi babu.

"Baba! Baba, ka sauko don Allah! Ka san abin da kake yi?"

"Shekara sittin ina yi, yaro. Kauce daga ƙasa, kar kasko ya faɗo maka."

"Ba za su dawo ba fa! In sun tashi sun tashi ke nan!"

"Haka nake fata."

"To maganin Inna fa? Da me za a saya?"

Tsohon ya tsaya da kasko a hannu. "Wannan ban sani ba," ya ce. "Abin da na sani, jiya na kira sunanta sau uku ba ta amsa ba, kuma tana ji na."

Kafin azahar ya hura wuta a murhu da ɗanyen ɓawon kwakwa. Hayaƙin ya kori sauran.

Washegari Darmaji ya zo ofis idonsa jajir, ya ce in rubuta ƙara: an lalata dukiya, kuma hankalin mahaifinsa ya taɓu. Rabin ƙauye na bayansa, ni ma a zuciyata ina tare da shi. Amma ƙa'ida ita ce wanda ya mallaki gida ke kai ƙarar ɓarnar gida. Na ce sai na ji daga bakin mai sunan.

Kwana takwas tsohon ya yi yana kankare kashin tsuntsu kafin ya ɗauko matarsa a bayan keke. A rana ta tara na je da takardata. Tun daga titi na ji muryar.

"Wane shashasha ne ya rataye min ludayi a ƙusar matankaɗi?"

Na tsaya a bakin ƙofa. Ta rame ƙwarai, ƙafafunta na rawa, amma ta taso daga ɗaki ta bi ta zaure ta shiga kicin ba ta dafa bango ba, ta miƙa hannu ta ɗauko gishiri a inda yake. Mbah Ngadiran na zaune a tabarma yana shan shayi, ana zaginsa yana murmushi.

Na gaishe ta, na karanta mata abin da ɗanta ya kawo, na tambaye ta ko tana da ƙara a kan abin da aka yi wa gidanta.

"Ina da ita mana," ta ce. "Rubuta. Mutum ya ce shi mai rufi ne, ya mayar da kasko a karkace, daren jiya ruwa ya jiƙa min shinkafa."

Haka na rubuta, ta dangwala yatsa.

Darmaji ya sayar da motar a watan Yuni. Duk farkon wata yana kawo maganin, ya miƙa wa uwarsa ta taga, ya wuce ubansa ba gaisuwa. Mbah Ngadiran ya koma hawa rufin mutane. Ranar Asabar da ta wuce na gan shi a kan nawa, na kasa kallo, na koma ciki.