Karan Ɗori a Tashar Daura

A tashar Daura, shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka cika gari da sababbin motoci, wani dattijo yana tsaye jikin Fijo mai zuwa Kano, ya kasa shiga. Dogo ne, rawaninsa ya koɗe, yatsunsa kaurara. 'Yarsa na gefensa, bayanta a karkace, kafaɗar dama ta ɗara ta hagu. Bini-bini sai ya bi ƙashin bayan da tafin hannu, daga wuya zuwa kwankwaso, yana motsa baki. Wannan shafa ta maɗori ce. Wataƙila karayar mutanen ƙauyensu duk a hannunsa take warkewa, sai wannan ciwon na cikin gidansa ya gagare shi.

A hammatarsa akwai ɗaurin kara, an kankare shi sumul, an naɗe da farin ƙyalle.

"Baba, kawo a sa a but," in ji direba.

"A'a, ɗana, na likita ne. An ce tsaga bayan za su yi su miƙar da ƙashin. To in sun gama, da me za su ɗaure?"

"Ai ƙarfe suke sawa yanzu, Baba. A ciki suke barinsa."

"A ciki?"

Yarinyar ta kama hannun rigarsa. "Baba, da zafi?"

Mutumin da ya saba ce wa ƙarti su daure, yau sai kawai ya sake shafa bayanta. Direba yana ta danna hon. Dattijon ya sa ta gaba suka shiga, karan yana rungume a ƙirjinsa.