Gwajin Barcin 'Ya'yan Sarkin Ruwa

A Goronyo na tashi, a hannun kakata Inna Hajo. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i, mu jikokinta mukan yi tsere zuwa ɗakinta, kowa na son wuri kusa da kaskon wuta. Takan binne dankali a toka, ta gyara zama, ta ce, "To, ga ta nan ta iso bakin ƙofa, wa ka buɗe mata?" Mu haɗa baki mu ce mu ne.

Akwai tatsuniya ɗaya da ba mu gajiya da roƙon ta maimaita. Wai wata shekara gulbi ya cika ya tumbatsa, ga irin shukar gari duka a rumbuna can tsallake. Sarkin ruwa ya tsufa, dole ɗaya daga cikin 'ya'yansa uku ya tuƙa jirgi ya ɗauko. Duk gwanaye ne, kowa na so. Sai wata tsohuwar ungozoma ta ce ba a ba wanda bai yi barci ba sandar tuƙi a irin wannan ruwa, ita za ta gwada su. Ta ɗaura wa kowannensu busassun kwanson wake a wuyan hannu, ta kwantar da su a zaure, ta zauna tana saurare.

Babban ya kwana yana juyi, wake sai kacau-kacau yake. Na tsakiya mai wayo ne, ya miƙe ya ƙame, ko yatsa bai motsa ba. A nan Inna takan cafko hannun wanda ke kusa da ita, ta dafa jijiyarsa kamar yadda ungozomar ta yi wa na tsakiyan, mu kuwa mu riƙe numfashi.

"Tac ce mai, ɗana, jikinka na kwance amma zuciyakka na gudu awa ta zomo. Mi kaka ɓoyo? Kai dai ba ka yi kwana ba."

Ƙaramin ya motsa sau biyu ko uku, amma bugun zuciyarsa ya sauka, numfashinsa ya daidaita, da asuba kuma idanunsa suna rawa a rufe, yana mafarki. Shi aka ba sanda. Ya haye, ya dawo da iri lafiya, gari ya yi shuka. Da an kawo nan sai mu miƙe muna tsalle, har Inna ta ce za mu kifar mata da kasko.

Yanzu ni direba ne, ina ɗaukar fasinja daga Goronyo zuwa Sakkwato ta Wurno. Bara 'yata Balkisu, da ke karatun jinya, ta kawo mini agogon hannu irin mai haɗuwa da waya. Ta ce yana ba barci maki. Na yi dariya, na dai ɗaura don kada ta ji ba daɗi.

A makon da ta kawo shi, mahaifiyata ba ta da lafiya. Wani dare na kwanta da wuri, na yi lamo don kada in tayar da hankalin iyali, amma tunani ya hana ni sakat. Da safe agogo ya ba ni maki arba'in da biyu cikin ɗari. Na kira Balkisu na ce abinta ya lalace, ai awa takwas na yi a kwance.

Ta juya agogon ta nuna mini wata koriyar fitila a bayansa. Ta ce da ita yake karanta bugun jini, a cikinsa kuma akwai abin da ke jin duk motsin hannu. Da su biyun yake kintatar lokacin da mutum ke barci sama-sama, da mai nauyi, da na mafarki, sannan ya haɗa da tsawon barcin da yawan farkawa ya fitar da maki. Ta ce kintace ne, yakan yi kuskure, ba likita ba ne.

"Amma Baba, naka bai yi ƙarya ba. Duba nan, zuciyakka ba ta sauka ba har asuba."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce mata ai na san wannan gwajin tun ina ɗan shekara bakwai. Na zaunar da ita na kwashe tatsuniyar duka na ba ta, muna ta dariya, don ni ne ɗan tsakiyan nan sak.

Da muna yara, nasarar ƙaramin kawai muke murna da ita. Sai ranar na gane cewa wanda zai ɗauki amanar rayukan mutane ba shi da ikon yin ƙarya a kan barcinsa, ko da kansa yake yi wa. Na tafi tasha, mota ta riga ta cika da mata masu zuwa biki Wurno. Na kira abokin aikina Malam Isa na miƙa masa mabuɗi. Ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, barci ne ban yi ba. Na tsaya har suka fita tasha, sannan na wuce gidan mahaifiyata, na shimfiɗa tabarma a gindin gadonta, ban farka ba sai azahar.