Tukunyar da Aka Kife

Da an idar da magariba a gidanmu na ƙauye, Kaka takan tura guntun itace cikin murhu, mu jikokinta mu kewaye ta, ni da ƙanena Habu a gaba don mun fi kowa naci. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa yake yi. Cewa take: "Ga ta nan da zafinta, ku matso kafin ta huce."

Akwai guda ɗaya da ta daɗe tana ɗaure mini kai. Wai wani babban gari ne mai ganuwa da rijiyoyi, wata rana mutanensa suka tashi kaf suka bar shi. Kowace mace ta fasa tukunyarta a ƙofar ɗaki, alamar ba dawowa. Wata tsohuwa ce kaɗai ta ƙi, ta kife tata a gefen murhu ta bi ayari.

Sai mu tambaya me ya kore su. Yau ta ce fari ne, jibi ta ce yaƙi, wani makon kuma sarki ne ya ishe su da aikin gini. Ran nan na ce, "Kaka, ai jiya ba haka kika ce ba." Ta dube ni ta ce, "Ke uwar bin diddigi, ina wurin ne? Ni dai tukunyar na sani." Na kwanta da haushi, don a ganina tatsuniyar ba ta da kai ba ta da gindi.

Yanzu shekaruna sun ja a Dubai. Ina zaune a unguwar Al Qusais, aikina zane a kwamfuta, kuma cikin masu ba mu aiki akwai masu tonon kufan mutanen Maya a dazukan Amurka ta Tsakiya. Su turo hotunan tsingaro da harsashin ɗakuna, ni in fitar da taswira. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne murhunsu, duwatsu uku ne kamar na Kaka. Daga baya na ga a wasu gidajen sun farfasa tukwanensu da gangan kafin su tashi.

Na tambayi shugabar masu tonon, wata dattijuwa mai haƙuri da ni, me ya tashe su. Ta ce fari, ta ce yaƙi, ta ce wataƙila sarakuna sun matsa musu, kuma har yau ba a daidaita ba. Dariya ta kama ni har ta tsargu. Duk karatun nan, ashe inda Kaka ta tsaya nan suka tsaya.

Watan jiya ta turo hoton wani ɗaki, ga tukunya lafiyayya a kife kusa da murhu. Nan take na rubuta mata cewa mai ita ta yi niyyar dawowa. Ta amsa da cewa ba za mu iya sani ba.

A makon ne Habu ya kira. Shi kaɗai ya rage a gidanmu na ƙauye, kuma zai kwashe iyalinsa zuwa Kano. Ya ce, "Yaya, tukunyar miyar Kaka fa? In bai wa maƙwabta, ko akwai mai dawowa?"

Da zai tambaye ni me ya tashe mu ɗaya bayan ɗaya, ni ma amsa uku zan ba shi, kuma ban san ta gaskiyar ba. Ban san ma ko tsohuwar cikin tatsuniya ta koma ba, don Kaka ba ta taɓa faɗa ba, mu kuma dalilin tashi kawai muke tambaya.

"Yaya, kina ji na? Mota na jira."

Na ce, "Khalas, shi ke nan, kife ta a gefen murhu."

Ya ce, "Ke nan za ki dawo?"

Na ce masa in sha Allah. Ya yi 'yar dariya irin ta wanda ya san ni, sannan na ji ƙarar bakin tukunyar ya taɓa ƙasa.