Ƙulli Biyu a Majanyi

Saura kwana goma sha biyu bizar Umma ta ƙare ta faɗi maganar da nake tsoro tun ranar da ta sauka Dubai. Tana zaune a kan darduma tana shafa wa jariri man zaitun, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Idan zan tafi, da ƙawata zan tafi."

Ƙawar tata 'yata ce ta fari, watanta goma sha biyar a duniya. Jaririn da ke kan cinyarta ƙaninta ne, satinsa shida. Kwanika na yi, babu wani ɓoye-ɓoye, kuma haihuwar ta zo da tiyata. Likita ta ja mini kunne kada in ɗauki abin da ya fi jaririn nauyi. Goyo kuwa ba a magana, sau ɗaya na gwada ɗaura zani a kan ɗinkin, sai da na ga taurari da rana tsaka.

Abin haushin shi ne Umma tana da gaskiya. A Al Nahda muke zaune, hawa na tara, cikin wani tsohon gini da ke kallon Sharja. Maigidana yakan fita da asuba don ya riga cunkoson motoci, ba ya dawowa sai magariba ta wuce. Maƙwabtanmu Indiyawa ne da 'yan Filifin, kowa yana wurin aiki, wuni guda ba ka jin motsin kowa sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Idan Umma ta tafi, wa zai riƙe mini ɗaya in sauka da ɗaya? Ko asibiti zan je allurar rigakafi, yaya zan yi da yarinyar da take tafiya kamar ɗan agwagwa, taku biyar ta zauna ta miƙo hannu?

"Can gida ga yara, ga tsakar gida, ga ni," in ji Umma. "Ke kuma ki ji da angona ki warke. Haka aka saba yi."

Na san haka aka saba yi, domin ni ma haka aka yi mini. Ni ce 'yar farin Umma. Ana yaye ni aka kai ni gidan kakata, ban dawo ba sai da na isa shiga firamare. Har yau Umma ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ko "'yar nan". A haka na tashi, na kuma koyi cewa uwa ba ta nuna zaƙuwa a kan ɗan fari, balle a gaban tata uwar. Wata biyun da Umma ta yi da mu, ko rungumar yarinyar ba na yi sai na shiga ɗaki na turo ƙofa. To da wane baki zan ce ba zan iya rabuwa da ita ba? Na ce, "To, Umma." Zuciyata kuwa kamar an ɗora mata turmi.

Maigidana yana wurin, ya sunkuyar da kai yana nazarin zanen darduma kamar za a yi masa jarrabawa a kai. Na bi shi kicin na tsare shi.

"Kana ji za a tafi da 'yarka ka yi shiru?"

"Ni zan yi musu da surukata? Ke da kike 'yarta me kika ce?"

Ya sassauta murya ya ce, "Ba ƙwace ta take son yi ba. Gani take ba za ki iya ba. Ki nuna mata za ki iya, khalas, shi ke nan."

Daga tagar kicin ɗin nakan hango wata mata kullum da yamma tana tura tagwayenta a keke mai kujeru biyu, tana tafe tana waya hankali kwance. Na ba shi labarinta. Na ce irin wannan nake so, kuma gobe nake so.

Washegari ya shigo da ƙaton kwali yana haki yana murmushi. Ya baje a falo ya harhaɗa, sai ga keke ja mai kujeru biyu kafaɗa da kafaɗa, kamar wurin zaman ango da amarya. Umma ta kalle shi sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah. Yanzu 'ya'yan mutane ake turawa a baro kamar mangwaro?" Muka sa yaran a ciki. Da ƙyar ya fita ƙofar gida, yana gogar katako. Muka isa bakin lif, ƙofa ta buɗe, na tura, ƙafafun gaba suka daki ƙarfe hagu da dama. Na ja baya na karkata, ya ƙi. Maigidana ya karɓa ya gwada nasa ƙarfin, ƙofar lif tana rufowa tana cije keken tana komawa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Idon maigidana ko kimar bai sani ba.

Umma ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Allah Sarki," ta koma ciki. Bayan isha'i ta ce in ba ta fasfon yarinyar ta ajiye tare da nata, ba a fafe gora ranar tafiya. Na ɗauko na miƙa mata da hannu biyu, ina kallo ta sa shi a jakarta ta ja zif.

Babu tef ɗin awo a gidan, ban taɓa tunanin zan buƙace shi ba. Abin da hannuna ya kai gare shi majanyi ne, na saƙi, fari da ratsin baƙi, wanda Umma ta zo da shi daga Kano don goyon jariri, ya zauna a ninke tunda babu bayan da za a ɗaura shi. Da safe na fita da shi, na danne maɓallin lif da gwiwar hannu, na kafa bakin majanyin a gefe guda na ƙofar lif, na ja zuwa ɗaya gefen, na ƙulle daidai wurin. Ina juyowa na ga Umma a bakin ƙofa da mayafinta, za ta sauka tsinko ganyen darbejiya. Ta gano wata bishiya a bayan gininmu tun satin farko, wai ko ba a yi wankan jego sosai ba saboda ɗinki, ba za a rasa shafe jiki da ruwan ganye ba. Ta kalli majanyin, ta kalle ni.

"Kawo in riƙe miki, kada ki yar," ta ce. Ta cusa shi a jaka ta shige lif.

Ranar Juma'a ce hutun maigidana. Bayan an sauko daga masallaci muka ɗunguma gaba ɗaya, aka mayar da jan keke inda aka sayo shi, muka shiga zagayen shaguna. Zafin watan Mayu ya fara, daga mota zuwa ƙofar shago kaɗai sai ka jiƙe. Umma tana goye da ƙawarta, maigidana yana rungume da jariri, ni kuma ina bin kekuna ɗaya bayan ɗaya. Duk shagon da muka shiga Umma takan zaro mini bakin majanyin daga jakarta zuwa ƙullin, in durƙusa in gwada, in miƙe. Masu shago suna kallona kamar mai yin tsafi. Duk mai kujeru biyu a jere sai ya zarce ƙullina da yatsa uku ko huɗu. Ɗinkina ya fara ja, raina ya fara ɓaci, na soma lissafa yadda ɗakin zai kasance babu ƙaramin takalminta a bakin ƙofa.

A wani shagon kayan jarirai a Abu Hail, ina durƙushe, na ji an ce a kaina, "Maame, wannan ba majanyi ba ne?"

Na ɗago. Wata mata ce kakkaura cikin rigar ma'aikatan shagon, da ɗan kwali baƙi. 'Yar zangon Kumasi ce, shekararta huɗu tana aiki a nan. Ta gaishe da Umma har ƙasa, Umma ta washe baki, rabonta da jin Hausa a bakin baƙo tun a jirgi. Na faɗa mata matsalata a taƙaice, ban da maganar fasfo.

"Ai kin ɓata lokaci paa," ta ce. "Gidajen Al Nahda, mai faɗi ba ya shiga. Yalla, zo ki ga mai gaba da baya."

Ta jawo wani ruwan toka, siriri dogo, kujera ɗaya a gaba, makwancin jariri a baya. Ba shi da kyan jan nan ko kaɗan. Na ɗora majanyi, ƙullina ya wuce faɗinsa har da ragowar taƙi guda. Na ji wani sanyi ya ratsa ni, har na fara cewa alhamdulillahi.

"Shwaiya, a hankali, Maame," in ji ta. "Faɗi ya yi. Tsawo fa? Kin auna cikin lif daga ƙofa zuwa bango? Wannan dogo ne, in ƙofa bai rufe ba, aikin banza."

Na tsaya riƙe da majanyi kamar an watsa mini ruwa. Ban auna ba. Ko a mafarki tunanin bai zo mini ba. Na juya ga maigidana, ya ɗaga kafaɗa. Saura kwana takwas, kuma ba shi da wani hutun sai wata Juma'ar.

Umma tana jijjiga goyonta, idonta a kan wasu ƙananan safuna da aka rataye, ta ce, "Ki jawo sauran."

"Na'am, Umma?"

"Majanyin. Ki jawo shi duka."

Na ja ya fito daga jakarta gaba ɗaya. Can kusa da ɗaya bakin akwai wani ƙulli, ƙarami, matsattse, irin wanda take yi a bakin zani idan ta ɗaure goro. Ba ni na yi shi ba.

"Daga bango zuwa ƙofa ke nan," ta ce. "Ke kin auna baki kin manta ciki. Haka kike tun kina yarinya, gaggawa kamar ana korar ki."

'Yar Kumasi ta karɓa ta shimfiɗa shi a ƙasa gefen keken, daga ƙafar gaba zuwa mariƙi. Ƙullin Umma ya wuce da kamar yatsa biyar. Ta tafa hannu ta ce, "Khalas! Hajiya ya fi injiniya."

Aka kwance yarinyar daga bayan Umma aka sa ta a kujerar gaba. Tana ganin ba kowa a gabanta sai kantoci ta ƙwalla ƙara, ta bankare tana neman zamewa. 'Yar Kumasi ta cire ta, ta danna wani abu, ta ɗaga kujerar ta juyo da ita tana fuskantar mai turawa. Aka mayar da ita. Ta gan ni, ta yi shiru, hawaye a kumatu, ta leƙo ta saman makwancin ƙaninta ta miƙo mini hannu tana dariya. Na kawar da kai da sauri saboda Umma tana tsaye.

"Tura mana mu gani," in ji Umma.

Na tura daga wannan ƙarshen shagon zuwa wancan. Babu yadda za ka tura keken nan ba ka kalli fuskar da ke cikinsa ba. Na yi ƙoƙari, na kasa, na bari.

Da muka sayo shi muka dawo gida, keken ya shige lif sumul, ni ma na raɓa ta gefe, ƙofa ta rufe. Maigidana ya yi kabbara. Umma ba ta ce komai game da fasfo ba, ni ma ban tambaya ba. Kwana biyu ina kallon jakar nan a rataye.

Ranar Lahadi ce allurar jariri. Asibitin ba nisa, tsallaken titi biyu ne. Na shirya, ina jiran Umma ta ɗauko mayafi, sai ta ce ƙafarta tana ciwo, in je ni kaɗai. Yarinyar ta hau kujerarta da kanta, ina riƙe da hannunta. Na sauka, na bi inuwar gine-gine, na tsaya a danja, na haye. Aka yi allura, ya yi kukansa ya gama. A hanyar dawowa har na tsaya na sayi burodi na jefa a kwandon ƙasan keken, don kawai in ji daɗin cewa zan iya. Rabona da taka titi ba tare da wani babba a gefena ba tun kafin haihuwa. Ina tafe ina zufa ina murmushi ni kaɗai, duk wanda ya gan ni zai ce ba lafiya ba.

Lif ya buɗe a hawa na tara, sai ga Umma tsaye a bakinsa, mai ciwon ƙafa. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ta leƙa ta ga yaran duka biyu suna barci. Ta buɗe jakarta ta ciro koren fasfon, ta sunkuya ta sa shi a kwandon, kusa da burodi.

"Riƙe 'yarki," ta ce.

Na buɗe baki in yi irin maganar da ake yi, in ce ai ta Umma ce, duk yadda ta gani. Ta ɗaga mini hannu.

"Ranar da aka zo tafiya da ke, ni ma 'to' na ce. Ban samu abin da zan fake da shi ba, shi ya sa."

Ta karɓi mariƙin keken daga hannuna, ta tura baron da kanta zuwa ƙofar gida, a hankali don kada su farka. Ni kuwa na tsaya a wurin ina kuka, a gabanta, ban ɓoye ba, ita ma ba ta ce in daina ba.