Falle huɗun da na ƙara wa boksina

Shekarun baya, tun ƙasar nan na zaune lafiya, ina da wata boksi fara, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya. Ƙauyenmu yana yamma da Managil, cikin gonakin noman rani, kuma da motar nake cin abinci: yau albasa zuwa suk, wato kasuwa, gobe dawa, jibi mutanen biki. Amma ranar Juma'a ba ta haya ba ce. Ranar Inna ce, mahaifiyata. Ina kai ta wurin yayarta a wani ƙauye da ke can ƙarshen babbar tur'a, wato magudanar ruwan da ke shayar da gonakin, tafiyar kamar awa guda a mota.

Wannan yayar tata ita ta raine ta bayan rasuwar uwarsu, kuma a lokacin idanunta sun riga sun tafi. Duk Juma'a Inna za ta je ta wanke mata kai, ta yi mata kitso, ta yanke mata farce, su wuni suna hirar mutanen da duk sun mutu. Ko ruwan sama ake yi sai ta leƙa waje ta gani ko hanya za ta biyu.

Sai dai ni ɗan fari ne, kun kuwa san yadda iyayenmu mata na da suke da ɗan fari. Tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Da ina yaro “wancan” nake, da na sayi mota na koma “mai mota”. In tana da magana da ni, ko ina tsaye a gabanta, sai ta juya ga ƙanwata ta ce, “Ce mishi kaza.” Zama kusa da ni a gaban mota kuwa, ai ko a mafarki. Katifa muke shimfiɗa mata a baya, ta jingina da bayan kan motar, ta ja tob ɗinta, dogon mayafin nan, ta rufe kai. Shekara uku muna haka, ni ina gaba ita tana baya.

To, motar ta fara tsufa. In na ɗora mata buhu goma sha biyu sai gindinta ya zauna, har taya na gugar jiki in mun faɗa rami. Yay ɗin baya ne ya gaji, wato sifirin, fallayen ƙarfen nan da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya su riƙe nauyin mota. Ina cikin tunanin gyara sai ga wani abokina ya zo daga Abu Hujar, mai jigilar riɗi da gawayi. Motarsa irin tawa ce sak, amma bayanta ya ɗaga sama kamar raƙumi zai miƙe. Ga kaya maƙil, amma ko gezau.

Na zagaya ta sau uku. Na ce, “Ya zol, mi ka ba ta ta ci?”

Ya yi dariya ya ce falle huɗu na yay ɗin lori ya sa aka ƙara mata kowane gefe, da musa'id masu tauri, abin da wasu ke kira shoka. Ya ce, “Buhu ashirin nake ɗora mata, in tafi ina shan shayi.” Wallahi tun daga ranar na daina ganin motata da kyau.

Washegari na nufi layin makanikai a Managil, wurin wani tsohon usta da ke yi mini gyara tun ranar da na sayi motar. Na zayyana masa abin da nake so. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya danna bayan motar da hannu biyu ya sake ta, sannan ya miƙe yana goge hannu.

Ya ce, “Wa kake ɗauka a motar ga?”

Na ce, “Albasa, dawa, taki.”

“Ban ce mi ba. Wa na ce.”

Na ce mutane jefi-jefi. Sai ya yi mini bayani a hankali. Ya ce motar abokina kullum a loda take, zuwa da komowa, shi ya sa ƙarfen ke lanƙwasa yana aikinsa. Tawa kuwa rabin tafiyarta babu kaya. Ya ce, “Falle huɗu in babu nauyi bisa, ya waladi, ba yay ba ne kuma, gungume ne. Duk ramin da ka taka, na baya ne zai sha shi. Ka bar ni in sake ɗaure tsohon, in ƙara falle guda, in sa maka musa'id mai laushi. Buhu sha huɗu za ta ɗauka, ta ɗauki mutum.”

Sha huɗu, alhali na ji ashirin. Nan take na yanke a raina cewa tsohon ya tsufa, bai san aikin zamani ba. Har na ce masa, kuma wannan maganar har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse, “Usta, motata ce ko taka?” Ya dube ni ya ce, “Taka ce. Halas, shi ke nan.” Ya ɗauko sifana.

Da yamma na shigo ƙauye bayan mota a sama. Sau biyu na bi ta gaban masallaci ba tare da wani dalili ba. Masu shayi suka taso suna shafa ta, ni kuwa ina jingine ina bayani kamar ni na ƙera ƙarfen. Na ɗora mata buhu ashirin, ta ɗauka. A wannan kam abokina bai yi ƙarya ba. In babu kaya nakan ji bayanta na tsalle, wata rana ma butar alwalata ta yi tsalle ta fice ban sani ba, amma ni a gaba nake, kan kujera mai soso, sitiyari a hannu. Sai in ce ƙarfi ne.

Juma'a ta zo. Damina ba ta daɗe da wucewa ba, hanyar bakin tur'a ta bushe da sawun tarakta, baƙar ƙasar nan da in ta ƙafe take zama kamar dutse. Inna ta hau katifarta, na ja mota, kuma don in nuna wa duniya sabon yay har ƙara wuta na yi. Da muka isa na lura ta daɗe kafin ta sauko, ta riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu. Na ce a raina tsufa ne. Da muka dawo gida ta dubi bango ta ce, “Allah shi yi albarka,” kamar yadda ta saba, ta shige ɗaki. Juma'a ta biyu ma haka.

Ta uku sai ƙanwata ta tare ni ta ce Inna ta ce yau tana da baƙi. Ta huɗu aka ce mura. Ta biyar aka ce mai mota ya je ya nemi abincinsa, in tana bukata za ta aiko. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Juma'a ta zama ranar lodi. Har na zauna ina yi wa matata sharhi, wai ina jin tsofaffin nan sun ɗan saɓa ne, kin san mata. Matata ta dube ni kawai ta ci gaba da tankaɗe.

Wata Juma'a wani manomi ya ɗauke ni in kai masa taki hawasharsa, gonarsa ke nan, a kan wannan hanyar ta bakin tur'a. Hantsi ya yi, rana ta fara cizo. Can gabana na hango karo, keken jaki, yana tafiya ƙyaƙas-ƙyaƙas a tsakiyar hanya. Na danna oda, na sake dannawa, har da leƙo kai ina cewa a ba mutane hanya. Mai karon ya ja jakinsa gefe. Ina zuwa daidai su sai na ga maƙwabcinmu ne, wani dattijo mai ɗebo ruwa da itace. A bayansa mace na zaune kan buhu, ta rufe fuska da tob mai ruwan ƙasa da ɗigon fari. Ni na sayo tob ɗin nan a Rufa'a da hannuna. Ga kuma kwandon da take zuba mai da matsefi a gefenta.

Na taka birki. Ƙurar da na tayar ta biyo ni ta lulluɓe su, ina ji Inna na tari.

Na sauko. Na gaida dattijon, na durƙusa gefen karon na ce, “Inna, lafiya? Mi ya faru?”

Ba ta buɗe fuska ba. Ta ce wa dattijon, “Malam, ce wa mai mota shi wuce. Kayan mutane ya ɗauko.”

Dattijon ya dube ni, irin kallon da ake yi wa babban mutum da ya yi abin yara. Ya ce, “Juma'a ta biyar ke nan muna wagga hanya. Da an sallame asuba muke fita, mu isa gab da azahar. Ta yi mata kitso a gurguje, la'asar mu juyo.”

Na roƙe ta ta dawo mota. Sai a lokacin na tuna bayan cike yake da buhunan taki, gaba kuma na san ba za ta shiga ba. Ta ce, har yanzu da dattijon take magana, “Jakin ga ya san hanya. Mu tafi, tana jira.” Ya kaɗa jaki suka wuce. Na shiga mota na bi su a baya a hankali, ban san me nake yi ba, har sai da dattijon ya ɗago hannu ya yi mini alamar in wuce. Na wuce su ina kallon gabana. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan ranar ba.

Da na koma gida na tsare ƙanwata. Ta ce, “Yaya, tun Juma'ar farko kwana uku Inna a zaune ta yi salla. Ni na dinga shafa mata man riɗi a baya. Ta biyu ko juyi ba ta iyawa.” Na ce don me ba a faɗa mini ba. Ta ce Inna ce ta hana, ta ce, “Ku ƙyale shi, yana murna da abinsa.” Na juya ga matata, ashe ita ma ta sani. Ta ce, “Ka taɓa tambaya?” Ashe har masu shayin da ke shafa motar sun sani, don ta gabansu karon ke wucewa.

Washegari na kira wani direba abokin aikina na ba shi makulli. Na shimfiɗa katifar Inna, na zauna inda take zama, na jingina inda take jingina, na ce ya bi bakin tur'a da irin gudun da nake yi. Jama'a, ba mu kai gada ta farko ba na ciji harshena. Kowane rami sai in tashi sama in dawo a kan ƙashin gindi, bayana na dukan ƙarfe, haƙora na haɗuwa. Ni da ƙarfina ke nan, ban kai arba'in ba. Na dinga dukan rufin motar har ya tsaya. Na sauko na tofar da jini, na tsuguna a bakin ruwa na daɗe. Tsohuwa mai shekara kusan sittin ta sha wannan sau huɗu, zuwa da komowa, kuma ta sauka ta sa mini albarka.

Na koma wurin usta. Na shirya zai yi mini tas, bai yi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dubi motar, ya dube ni, ya ce, “Wa kake ɗauka a motar ga?”

Na ce, “Innata.”

Ya ce, “Tamam. Yanzu ka zo gyara.”

Ya cire falle uku kowane gefe ya bar guda, ya sauya musa'id ya sa masu laushi, abin da ya faɗa tun farko. Da ya gama ya cika tasa da ruwa ya ajiye a bayan motar, daidai wurin katifa, ya ce in zagaya layin in dawo. Na dawo da fiye da rabin ruwan. Ya ce sauran da ya zube ba laifin ƙarfe ba ne, ƙafata ce, in koyi ɗaga ta.

Na aika ƙanwata ta gaya wa Inna an gyara mota. Juma'ar farko ba ta yarda ba, ta bi karonta. Ta biyu na fito na tarar da ita zaune a kan katifa, kwando a cinya. Na ja a hankali, ina kauce wa kowane rami kamar ƙwai na ɗauko. Wajen rabin hanya na leƙa madubi, ta gilashin baya na ga kanta ya karkata gefe. Gabana ya faɗi, na rage gudu na ƙara dubawa. Barci take yi.

Yayar tata ta rasu da daminar da ta biyo. Abin da ke cin raina har yau shi ne Juma'o'in nan da ya kamata su wuni tare, suka koma kitso a gurguje saboda ina son buhu ashirin da kallon masu shayi. Tambaya ɗaya tsohon usta ya yi mini, kuma na san amsarta, na ƙi ba shi. Na ɗauka tunda Inna ba ta yi magana ba, babu magana, alhali tunda aka haife ni ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ni ya kamata in waiwaya.

Fallayen da aka cire na kawo su gida na jingine bayan madafa. Bayan kwana biyu na ga Inna ta ɗauki biyu ta gitta a kan murhu, ta ɗora doka a kai, faifan ƙarfen nan da take yin kisra, wainar dawarmu. Ina tsaye a wurin ta juya ga ƙanwata ta ce, “Ce wa mai mota ƙarfensa ya samu aikin da ya iya.” Abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan maganar duka, har ta koma ga Allah. Ƙarfen na nan a murhun, kuma har yau ban iya cin kisrar gidanmu ina kallon wajen ba.