Nawal, Muhandisar da Ba Ta Ƙarasa Tadrib Ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar ƙanwata Nawal. Na daina irin kukan farko, wannan gaskiya ne. Abin da ya maye gurbinsa gajiya ce, irin wadda barci ba ya korewa. Tun shekarar farko nake son in rubuta wani abu a kanta, amma duk sanda na zauna sai in tarar gajiyar ta riga ni zama. Bana dai na ce ko yaya ya fito, in rubuta.

Nawal ce autarmu, na girme ta da shekara goma. A Hindawiyya ta birnin Jidda aka haife mu, unguwar da kakanmu ya yada zango bayan ya zo Hajji daga ƙasar Kano bai koma ba. Da ciwon sikila ta zo duniya. Babanmu ya rasu tana firamare, Ummi kuma tana fama da ƙafa, don haka ni na zama mai ɗaukarta zuwa asibiti. Na yi ƙuruciyata a kujerun jira. Na san yadda idonta ke yin rawaya kafin ciwon ya taso, na san kalar shirun da take yi idan ƙashin bayanta ya fara sara tana ɓoyewa don kada a hana ta zuwa makaranta.

A asibitin nan ta fara son injuna. Yaro idan aka kwantar da shi talabijin yake nema, ita kuwa na'urar da ke auna ruwan da ake ƙara mata take zuba wa ido. Ta dami ma'aikatan jinya da tambaya: ta yaya ta san ɗigon ya tsaya, me ke sa ta ƙara, in wuta ta ɗauke me zai faru? Wasu su amsa, wasu su ce ta yi barci. Da ta shiga jami'a ta ce injiniyan lantarki za ta karanta, ta zama muhandisa kamar yadda ake cewa a nan, babu wanda ya yi mamaki a gidan.

A shekararta ta ƙarshe sai da ta yi tadrib, wato zaman koyon aiki na wasu watanni da ake yi kafin a kammala. Mijina ya riga ya samar mata wuri a masana'antar wayoyin lantarki da yake aiki a Madinar Masana'antu, unguwar masana'antu ta nan Jidda. Zai ɗauke ta da safe, ya dawo da ita da yamma, asibitinta yana kusa. Ni a wurina magana ta ƙare. Ashe ita ta nemi wani wurin ba ta faɗa mana ba.

Wata Juma'a bayan mun ci abincin rana ta ajiye cokali ta ce, "Ya Ummi, sun ɗauke ni."

Ummi ta ce, "Su wa?"

"Hukumar binciken sararin samaniya. A Riyadh."

Ummi ta dube ta daga sama har ƙasa. "Sama? Ke da hawa bene ke sa ki haki?"

Ni ban yi dariya ba. Na ce ba za ta je ba, na kuma jero dalilaina. Riyadh ba Jidda ba ce, sanyinta na shiga ƙashi, iskarta a bushe take, kuma sanyi da ƙishirwa su ne manyan masu tayar mata da ciwo. In ya taso a can wa zai ɗauke ta? Wane likita ya san ta? Nawal ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Yaya, ciwon nan ko ƙarƙashin gadon Ummi na shiga zai same ni. Halas, shi ke nan, ku bar shi ya same ni ina yin wani abu."

Kwanaki suka yi ta wucewa. Ni da Nawal muka yi ta gaba a cikin gida ɗaya, muna miƙa wa juna gishiri ba tare da haɗa ido ba. Daga ƙarshe Ummi ta kira ni ɗakinta ta ce, "Su'ad, ki kira 'yar Baffanku ta Riyadh, ki ce ta gyara mata ɗaki." Na buɗe baki, ta ɗaga hannu. Ni na haɗa mata magungunanta a jaka, ni kuma na raka ta filin jirgi, muna tafe ina maimaita mata ta sha ruwa, tana cewa, "Yalla, Yaya, na ji."

Mun san gata ne ma da ta samu damar nema. Kakanmu ya samu takardar zama ɗan ƙasa tun da wuri. Ƙawayenta da suka tashi layi ɗaya, masu iƙama, wato takardar zaman baƙi, da yawansu ko ƙofar irin wannan wuri ba sa tunanin ƙwanƙwasawa. Nawal ta san haka, kuma ina jin yana cikin abin da ya sa ta ƙi sakin damar.

Masu jin labarinta suna zaton wani aiki ne mai ban mamaki ta yi. Ba haka ba ne. Sashensu na haɗa wani ƙaramin tauraron ɗan'adam da bai fi bulon gini girma ba, ita kuma aka sa ta cikin masu gwada batirinsa. Akwai wata na'ura da ake sa shi a ciki, a zafafa shi, sannan a sanyaya shi fiye da ƙanƙara, kamar yadda zai gamu da shi a can sama. Aikinta ta zauna ta lura da lambobi, ta rubuta, a sake, ta sake rubutawa. Ta taɓa ce mini a waya, "Yawancin aikin jira ne, Yaya. Ni kuwa wa ya fi ni iya jira?"

Hausarta ba ta kai tawa ba, kamar yawancin 'yan bayanmu. Rabin maganarta Larabci ne. Amma da Ummi dole ta lalubo Hausa, don Ummi ta ce ba za ta ji labarin aikin 'yarta da bakin wasu ba. Na ji ta rannan tana cewa, "Ummi, muna dafa shi, mu sa shi a firji, mu ga ko zai mutu." Ummi ta ce, "To ai aikin da ake yi a kanki ke nan tun kina goye." Suka yi ta dariya su biyu. Ni na tashi na bar ɗakin.

Abin da ya hana ni dariya shi ne ɗakin da suke aikin. Ɗaki ne da ba a yarda ƙura ta shiga ba, sai da farar riga da hula da safar hannu, na'urar sanyaya ɗaki kuma ba ta hutawa. Ba a shiga da ruwan sha. Shugabar sashensu ta san da ciwonta, ta ba ta izinin fita duk sanda ta so, ta kuma ce in ta ga dama a mayar da ita wani ofis mai ɗumi. Nawal ta ƙi. Ta ce ba ta bar Jidda don ta zauna tana kallon aikin ta gilashi ba. Sai ta riƙa jibga riguna a ƙarƙashin farar rigar har abokan aikinta suna tsokanarta.

Da sanyi ya kankama ta zo gida hutun ƙarshen mako da ɗan tari. Ta ce mura ce. Washegari zazzaɓi ya rufe ta, bayanta ya fara, na ɗauke ta zuwa asibiti kamar yadda na saba, har ina yi mata faɗa a mota. Wannan karon ciwon bai tsaya a ƙashi ba, ya hau ƙirji. Likitoci sun yi abin da za su iya. Da hantsi ta cika, ina riƙe da ƙafarta, saura 'yan makonni ta gama tadrib ɗin.

Na tambayi likitan da ya daɗe yana duba ta, na ce ya faɗa mini gaskiya, sanyin can ne? Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba. Ya ga waɗanda ba su taɓa barin Jidda ba hakan ta same su. Na so ya zaɓi ɗaya. Da ya ce e, da na san inda zan ajiye fushina. Da ya ce a'a, da na huta. Wannan amsa tasa marar gefe ita nake ɗauke da ita shekara huɗu, ina zuwa da ita ofishin da nake buga takardu a unguwar Bagdadiyya, ina dawowa da ita.

Rana ta biyu ta zaman makoki shugabar tasu ta zo daga Riyadh da 'yan mata biyu da suka yi aiki tare. Sun zauna a ƙasa cikin matan unguwa, sun yi kuka na gaske. Da za su tafi Ummi ta riƙo hannun matar ta ce, "Abin nan nata, yaushe zai tashi?" Matar ta ce, "In sha Allah, ya khala," wato inna. Bayan fiye da shekara guda, ɗaya daga cikin 'yan matan ta kira ni ta ce an sauya tsarin aikin, wanda Nawal ta gwada ba zai tashi ba, an ajiye shi sababbin masu tadrib suna koyo a kansa. Ta ce haka bincike yake, abin da ake gwadawa ya fi abin da ke tashi yawa nesa ba kusa ba. Na faɗa wa Ummi. Ta ce, "To." Ba ta sake tambaya ba.

Da Nawal za ta dawo yau, gida ma ba za ta gane ba. An rushe layinmu tare da sauran tsofaffin unguwanni, maƙwabtan da muka tashi tare sun watse, kowa inda ya samu haya. Mu mun koma wajen Khumra, cikin rumbunan ajiye kaya, inda manyan motoci ke tashinmu da safe maimakon muryar mai gasa tsire yana hura wuta. Na taɓa bi ta tsohuwar unguwar, na tsaya ina neman inda tagar ɗakinta take, ban iya nuna wurin ba.

Sai kuma ga shi bayan tafiyarta wata 'yar ƙasar nan ta hau sararin samaniya, gari duk ya ɗauka. 'Ya'yana suka taru a kan waya suna ihu. Ummi ta miƙe a hankali ta shiga kicin. Na sha tambayar kaina me Nawal za ta ce. Ba na jin za ta yi ƙwalla, ba halinta ba ne. Ina jin za ta matso da fuska kusa da wayar ta ce, "Wa ya gwada musu batiri?" Sannan ta ji haushi, don ta so a ce tana cikin ɗakin da ake lura da lambobin, ko da a kujerar baya ce.

Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne yadda dangi suka mayar da ita misali. A wurin biki wata za ta ja kunnen ɗanta ta ce ya yi karatu kamar Nawal. A wani bikin wata za ta hana 'yarta tafiya ta ce ba ki ga abin da ya sami Nawal ba? Duka biyun ba su san ta ba. Yarinya ce mai saurin fushi, mai barin kofi a ko'ina, mai cin tsire da yaji har hawaye na zuba tana ƙarawa. Ba ta karɓi shahadarta ta kammala karatu ba. Abin da ta yi wa aiki bai bar ƙasa ba. In ana neman abin da ta bari wanda za a rataye a bango, babu. Ni kuma har yau ban janye a'ar da na ce ba, ban kuma iya cewa ita ta yi kuskure ba.

Watan jiya wata maƙwabciyarmu ta shigo. Maman Fadila muke ce mata, 'yar Najeriya ce, mijinta akawu ne a wani kamfanin ajiye kaya. 'Yarta Fadila ma sikila gare ta, kuma ta samu gurbin karatu a jami'a can Zariya. Matar ta zauna a bakin kujera tana murza gefen mayafinta, ta dubi Ummi ta ce, "Mama, an ba ni labarin taku. Ku gafarce ni da na tayar muku. Ni dai ban san wa zan tambaya ba. In bar ta ta tafi?"

Na ji amsata ta taso har maƙogwaro, amma ba ni aka tambaya ba. Na ɗauka ma Ummi ba za ta amsa ba, don tun rasuwar ba ta taɓa zancen Riyadh da baƙo ba.

Ta ce, "'Yata, ba zan ce ki bar ta ba, ba zan ce ki hana ta ba. Ni na bar tawa, ba ta tare da ni yau. Amma abu ɗaya zan faɗa miki. Tun ranar da na haifi yarinyar nan, duk safiyar Allah gaisuwata da ita ɗaya ce: ya jikin? Ta tashi da ita, ta girma da ita, har ta tsani jin ta. Sai a 'yan watannin nan da ta yi a can ne na ɗauki waya na ce mata, Nawal, ya aiki?"

Sannan ta ƙara da cewa, "Da kin ji yadda take amsawa."